Waya ɗaya, ɗalibai sittin: abin da na koya a wani aji a Gwaram

A dogon hutun da ya wuce, kawuna da ke koyarwa a wata ƙaramar sakandare a ƙasar Gwaram ya ce in zo in taya shi. "Ai ku ne 'yan kwamfuta," in ji shi, "zo ka nuna wa yaran nan abin zamani." Na ce to, Kawu. Na saka kwamfutata a jaka na hau mota, ina jin kaina wani babban injiniya.

Ranar farko na kunna musu bidiyo a kan yadda sauti ke tafiya. Yara sittin da 'yan kai sun yi tsit, na baya suna hawa benci don su hango. Na ji daɗi. Da aka gama na yi tambaya uku, ba wanda ya amsa ko ɗaya. A hanyar gida Kawu ya ce, "Ɗana, da ni nake magana suna kallona, yau kwamfuta ke magana suna kallonta. Me ya canza?" Wallahi maganar ta yi mini zafi, amma ban sami abin cewa ba.

Wannan ne kuskuren da yawancinmu za mu yi in aka tura mu aji, kuma mu daina yaudarar kanmu, da dama cikinmu koyarwa za mu yi, ko a bautar ƙasa ko bayanta. Koyarwar da ta sa ɗalibi a tsakiya ba ta nufin a kawo na'ura a ajiye gaban allo. Nufinta shi ne yaro ya yi tambaya, ya auna da hannunsa, ya yi kuskure, ya gyara, sannan ya bayyana wa ɗan uwansa. In na'urar ba ta shiga hannunsa ba, allo ce kawai mai cin caji.

Sai muka sake dabara, muka nufi Birnin Kudu. Wanda bai sani ba, a duwatsun garin, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa, akwai zane-zanen shanu da mutanen da suka yi a jikin dutse. Wani Bature masanin kayan tarihi, Bernard Fagg, ya yi nazarinsu a shekarun 1950, kuma shi ne ya yi rubutu a kan duwatsun wurin da ke ƙara kamar ƙararrawa in an buga su. Kuɗin motar yara sittin ba mu da shi. Don haka ajin ya kasu rukuni shida, kowane rukuni ya zaɓi wakili ɗaya, ya kuma rubuta masa tambayoyin da zai dawo da amsarsu. Ni aikina riƙe kuɗin mota da tabbatar da wayar tana da caji.

Su suka ɗauki hotunan, ba ni ba. Sharaɗi ɗaya na gindaya: duk hoton da za a ɗauka, a riƙe rula mai santimita 30 a gefen zanen, ba tare da an taɓa shi ba. Sun kuma naɗi ƙarar duwatsun da wayar.

A nan ne abin ya yi armashi. Da muka dawo, hoto ɗaya ya ciyar da darasi huɗu. A lissafi, rukunin farko ya auna rular a fuskar waya ya ga ta fito santimita 3, wato an rage komai sau goma. Daga nan suka auna tsawon sa a hoton, suka ninka, suka sami girmansa a jikin dutse. Ba wanda ya fara rubuta musu ƙa'ida a allo; sai da suka gama Kawu ya gaya musu sunan abin da suka yi a littafi. Wani rukuni ya sami amsa daban, aka yi ta musu, ashe wanda ya ɗauki nasu hoton ya tsaya a karkace ne. Wannan musun ya fi mini bidiyon ranar farko sau ɗari.

A darasin noma kuwa, wata yarinya 'yar Fulani da ba ta cika magana ba ta kalli hoton ta ce, "Malam, wannan sa ba shi da tozo." Ajin ya yi dariya, amma ita ce ta ga abin da masana suka gani. Shanun da ke jikin duwatsun nan, masu dogayen ƙahoni marasa tozo, ba irin bunajin da ake kiwo yau a Gwaram ba ne. To ina suka tafi? Yaushe masu tozo suka zo? Tambayar ta koma hannun malamin tarihi, shi kuma ya tura su gida su tambayi tsofaffi, su naɗo muryarsu in sun yarda. Malamar Hausa ta karɓi abin da aka naɗo ta sa suka mayar da shi rubutu, da ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ a inda ya kamata.

Sautin duwatsun mun buɗe shi da phyphox, wata manhaja ta kyauta da jami'ar Aachen ta Jamus ta yi, wadda ke nuna yawan kaɗawar sauti a daƙiƙa ɗaya. Suka gwada ta da kwalaben lemo masu ruwa daban-daban, da galma, da tsohon faranti. Da ita kuma suka ga cewa dutsen da aka ɗaure da zare mai tsawon mita ɗaya yana zuwa ya dawo cikin kusan daƙiƙa 2, ko dutsen babba ne ko ƙarami. Da yawa ba su yarda ba sai da kowa ya gwada da nasa.

Kada in ɓoye muku matsalolin. Waya ɗaya a cikin yara goma, mai ƙarfi ke riƙe ta, kuma kusan kullum namiji ne. Sai da muka raba aiki a rubuce: mai riƙe waya, mai aunawa, mai rubutu, mai bayani, ana juyawa kowane darasi. Sabis kuma yau akwai gobe babu, shi ya sa duk abin da za mu yi amfani da shi na sauke shi tun daga Dutse: GeoGebra don lissafi, gwaje-gwajen PhET na jami'ar Kolorado, da Kiwix mai buɗe Wikipedia ba tare da intanet ba. Akwai kuma Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022, ga wanda ke da data. Caji kuwa, wurin mai sola a bakin kasuwa. Ga lokaci: darasin minti 40 ba ya isar irin wannan aiki, sai malamai biyu sun haɗa lokutansu, kuma ba kowa ke yarda ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ɗakin kwamfutar makarantar. Yana nan a kulle, an lulluɓe na'urorin da leda don kada yara su ɓata. Alhali tun 2015 JAMB ta koma yin jarrabawarta gaba ɗaya a kwamfuta. Yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, ranar jarrabawa rabin hankalinsa na kan yatsansa, ba kan tambaya ba. Cikinmu nan akwai waɗanda abin ya faru da su, ba sai na kira suna ba.

Kafin in dawo makaranta mun samu an buɗe ɗakin ranar Laraba da Alhamis. Cikin na'urorin, biyar ne suka tashi. Sauran, yawancinsu batirin cikin allon uwa ne ya mutu ko ƙura ta toshe fanka, aikin da ɗan aji ɗaya a sashen kwamfuta zai gama kafin azahar. Na bar wa Kawu jerin abin da za a saya. Hutu mai zuwa ina neman mutum uku daga sashen lantarki ko kwamfuta da za mu koma tare, musamman 'yan Birnin Kudu da Gwaram da ba sai an nema musu masauki ba. Mai sha'awa ya bar sunansa a ofishin ƙungiyar ɗalibai, ya kuma taho da sukundirebansa.