Kafin 'yarka ta tafi karatu Masar

Tun ɓarkewar yaƙin Sudan a Afrilun 2023, iyaye a Gadarif ke tambaya ko 'ya mace za ta iya fita karatu ba muharrami. Malamai sun saɓa. Shaihu Ibn Baz ya hana, hukumar fatawa ta Masar kuwa ta halatta muddin akwai aminci. Malikiyyarmu ta yarda da amintacciyar tawaga a hajjin farilla, malaminta Albaji ma ya faɗaɗa hukuncin zuwa manyan ayari.

A ganina, Malam, masauki ya fi hanya abin dubawa, don zaman shekaru za ta yi. In da hali, yayanta ya raka ta, ya ga ɗakin kwanan ɗalibai da idonsa, a kuma tanadi kuɗin haya tun kafin tashi.