Yumɓun Goge Mota: Yadda Ake Zaɓensa da Yadda Ake Aiki da Shi

A hutun da ya wuce wani malaminmu ya ba ni wankin motarsa. Na wanke ta sau biyu da sabulu har tana ƙyalli, amma da na shafa hannu bisa murfin injin sai na ji kaushi, sai ka ce an barbaɗa tsaki. Na ce, "Malam, ko in sa mata soson ƙarfe?" Ya ce, "Kul! So kake ka jawo mini kuɗin sabon fenti?" Sa'an nan ya ɗauko wani ɗan curi mai taushi, ya nuna mini aikinsa. Abin da na koya ran nan, da wanda na bincika daga baya, shi zan faɗa muku, gama da yawa cikinmu za su riƙe mota wata rana, tasu ko ta makaranta.

Da fari dai kada sunan ya ruɗe ku. Turawa suna kiransa yumɓu domin yana lanƙwasuwa a hannu, amma ba ƙasa ba ce. Wani irin danƙo ne da ake haɗawa a masana'anta, a cuɗa shi da gari mai laushi ƙwarai. A ƙasar Japan aka ƙago shi, ya shiga Amurka a farkon shekarun 1990, daga nan ya bazu. Yumɓun da mata ke gina tukwane da shi kuwa akwai yashi a ciki, yashi kuma ya fi fenti tauri nesa. Wanda ya goga shi a mota ya ɓata ta.

To, mene ne kaushin nan da sabulu ya kāsa? Ƙananan abubuwa ne da suka kafe cikin fenti: ɓarɓashin ƙarfe daga birki, ɗigon kwalta, ƙaron itace, ƙurar siminti, da feshin fenti idan an ajiye mota kusa da masu fenti. Ga hanyar ganewa: bayan wanki, ka sa hannunka cikin leda marar kauri ka shafa jikin motar a hankali. In ka ji tsaki-tsaki, tana bukatar yumɓu. In sumul take, ka ƙyale ta.

Wajen zaɓe, iri uku ne: mai laushi, matsakaici, da mai ƙarfi. Mai koyo ya sayi mai laushi. Dalili kuwa, fentin yawancin motocin yanzu yana da wani shafi garai kamar gilashi a bisansa, wanda kaurinsa bai kai na takardar nan da kuke karantawa ba. Mai ƙarfi yana saurin aiki, amma yakan bar dushi-dushi wanda sai an bi da folish kafin ya fita. A bar wa gwanaye. Kada ka dogara ga launi, domin kowane kamfani da nasa tsari. Ka karanta abin da aka rubuta a kwalin. Yawanci ana sayar da shi curin giram 100 ko 200. Har wa yau akwai safar hannu da tawul masu shafin roba da suke yin aikin nan. Sun fi sauri, kuma ana iya ɗauraye su. Motar da aka yi wa fenti marar ƙyalli da gangan kuwa, ba a sa mata ko ɗaya.

Ga yadda ake aikin. Na ɗaya, ka kai motar inuwa, jikinta ya huce, ka wanke ta sarai. Da hunturu sai a ƙara lura, gama ƙura takan sāke sauka kafin a gama. Na biyu, ka gutsuri kamar kashi ɗaya cikin uku na curin, ka murza shi ya yi taushi, ka faɗaɗa shi kamar ƙaramar waina. Na uku, ka fesa ruwan santsi a wuri kamar ƙafa biyu tsawo, ƙafa biyu fāɗi. Ana sayar da ruwan tare da yumɓun. In babu, sabulun wankin mota da aka dama da ruwa ya isa, amma ruwa zalla bai isa ba. Na huɗu, ka riƙa jan yumɓun gaba da baya a miƙe, ba dannawa. Da fari za ka ji yana kamawa, jim kaɗan sai ya riƙa sulɓewa shiru. Wurin ya yi ke nan. Ka share da tsumma mai laushi, ka matsa gaba. Na biyar, ka riƙa duban fuskar yumɓun. In ta yi dauɗa ka ninke ta ciki, ka fito da sabuwa. Ka fara daga rufi, ka ƙare da gefen ƙafafu inda datti ya fi yawa.

Doka ɗaya ba ta da sassauci: in ya fāɗi ƙasa, a yar. Nawa ya suɓuce mini ran nan, na ɗauka ina hurawa, Malam ya karɓe ya jefar. Ya ce ƙwayar yashi guda da ta lafe ciki ta isa ta ja layi daga ƙofa zuwa ƙofa. Shi ya sa ake gutsura, ba a aiki da curin duka.

Abu biyu suka rage. Yumɓu yana kwashe tsohon kakin da ke kāre fenti, saboda haka lalle a shafa sabo da zarar an gama. Kuma ba ya warkar da karce, datti kaɗai yake cirewa. Sau ɗaya ko biyu a shekara ya wadatar. Ledar nan ita za ta faɗa maka lokaci.

Wanda zai koyar da wannan a aji, ga tambayoyi uku: Me ya bambanta yumɓun mota da na tukwane? Don me ake sa ruwan santsi? Me ya sa ake yar da wanda ya fāɗi? Yaron da ya amsa su daidai, a iya ba shi mota ba fargaba.