Hali Mai Girma Tare da Ruwa

Karatu: 2 Bitrus 1:3-11, Yahaya 15:1-8.

'Yan'uwa cikin Kristi, manoman fadama a Diggi da sauran ƙasar Kalgo sun san wata irin shinkafa ta iyaye da kakanni. Idan ruwan gulbi yana hawa kaɗan kaɗan, karanta yakan ƙara tsawo, kanta kuwa yana bisa ruwa kullum. Amma idan ruwa ya zo gaba ɗaya tun tana ƙarama, sai ta nutse. A shekara ta 2020 ambaliya ta cinye gonakin shinkafa da yawa a Jihar Kebbi. Halin mai bi ma haka yake, gama jarraba takan zo ba sallama.

1. Saiwa. Manzo Bitrus ya jera abubuwa takwas, na fari bangaskiya, na ƙarshe ƙauna. Bangaskiya ita ce saiwa. Mutum ba ya sayen ceto da halin kirki. Yesu ya rigaya ya biya. Amma saiwa mai rai ba ta rasa tsiro.

2. Girma. Bitrus ya ce mu ƙara wannan bisa wancan da himma. A ina za mu ƙara? A kasuwa, sa'ad da kake auna hatsi, mudunka ya cika. A gida, sa'ad da fushi ya taso, ki kame bakinki. A gona, idan shanu sun yi maka ɓarna, kai ƙara wurin mai gari, kada ka ɗauki sanda. Wanda bai koyi haƙuri a ƙaramin ruwa ba, yaya zai yi a babba?

3. 'Ya'ya. An buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa tun 1932, amma maƙwabtanmu da yawa ba su taɓa buɗe shi ba. Halinmu suke karantawa. Idan ka ci bashi ka ƙi biya, ka rufe musu littafin.

Kada wani ya ce, hali zanen dutse ne. Ruhu Mai Tsarki yana sāke zuciya. Bitrus kansa ya yi musun Ubangijinsa sau uku, daga baya ya tsaya gaban majalisa ba tsoro.

Tambayoyi:
1. Cikin takwas ɗin nan, wanne ya fi ƙaranci gare ka?
2. Wa ke binka bashi, ko na kuɗi ko na gafara? Je ka same shi kafin Lahadi.