Magarya: Tsinkar 'Ya'yanta da Shuka Ta a Gona

Duk wanda ya tashi a ƙauye a arewacin ƙasar nan ya san magarya. Yara masu kiwo suna cika aljihu da 'ya'yanta, mata suna auna busassun a kasuwa, ganyenta kuwa akan sa shi cikin ruwan wankan gawa. Amma da wuya a sami mutumin da ya taɓa shuka ta da hannunsa. Kowa ya ɗauka itacen daji ce, wadda ba ta ƙarewa. Alhali kuwa a kowace shekara manoma suna sare rassanta don yin shinge, shingen ya bushe, gara ta ci, ko a kwashe shi a hura wuta, baɗi a sake komawa daji da gatari. Ta haka ne magarya ta yi nisa da garuruwa da yawa.

Da farko sai a bambanta ta da 'yan uwanta. Bayan ganyen magarya fari ne, mai laushin gashi. Na kurna kuwa kore ne ciki da waje. Magaryar kura tana da 'ya'ya masu duhun ja waɗanda ba su da daɗin ci. Ƙayar magarya bibbiyu take fitowa, ɗaya miƙaƙƙiya, ɗaya lanƙwasasshiya kamar ƙugiya, ita ce mai kama riga.

'Ya'yan suna nuna daga ƙarshen kaka zuwa cikin hunturu. Suna da bitamin C mai yawa, a lokacin da ɗanyen ganye ya yi wuya a gidajen da ba su kusa da fadama. Kuskuren da aka fi yi wajen tsinka shi ne dukan itacen da sanda. Duka yana zubar da ɗanyu tare da nunannu, yana kuma karya ƙananan rassa. Abin da ya fi kyau, a shimfiɗa tabarma ko buhu a gindi, a girgiza reshe a hankali, nunannu su zubo, a dawo bayan kwana kaɗan. Waɗanda suka daɗe a ƙasa sau da yawa da tsutsa a ciki, gama akwai wani ƙuda da ke yin ƙwai a cikinsu. A shanya na kirki a kan tabarma har su yi ƙayau kafin a zuba a buhu.

Shukar ba ta da wuya, sai dai ƙwallon yana da tauri ƙwarai. In an binne shi yadda yake, yakan yi makonni bai tsiro ba. Manomi ya fasa ƙwallon a hankali da dutse, ya fitar da ƙwayar da ke ciki ba tare da ya ji mata rauni ba, ya shuka a leda mai ƙasa da taki wajen wata uku kafin damina ta kankama. Kada tsiron ya daɗe a leda, domin saiwarsa tana nutsawa ƙasa da sauri, kuma ba ya son a tsinke masa ita. Wannan doguwar saiwa ce ke sa magarya ta rayu a inda ruwan sama ya yi ƙaranci. Mai son shinge ya dasa kusa-kusa, kamar taku ɗaya tsakani. Mai son 'ya'ya ya bar mita 5 ko 6. Shekarar farko ita ce ta haɗari, saboda awaki suna cinye tsiron tun ƙayarsa ba ta yi ƙarfi ba. Lalle ne a kewaye shi.

Akwai kuma irin ƙasar Indiya, wanda aka fi sani da Gola, mai 'ya'ya manya da yawan tsoka. Cibiyar bincike ta ICRISAT da ke Sadore, kusa da Yamai, ta yaɗa shi a ƙasashen Sahel. Ba a shuka shi daga ƙwallo. Aure ake yi masa a kan magaryar gida, kamar yadda ake yi wa mangwaro, har tsohuwar magarya da ke tsakiyar gona ana iya sare ta a yi wa tohonta aure. Sai dai ƙudan nan ya fi son sa, 'ya'yansa kuma ba sa jure ajiya kamar na gida, saboda haka wanda ke nesa da kasuwa ya yi tunani kafin ya cika gonarsa da shi.

Magarya a sabon toho take yin 'ya'ya. Don haka bayan an gama tsinka, cikin bazara, sai a rage tsofaffin rassa da wuƙa mai kaifi. Ganyen ya tafi ga awaki, rassan a toshe kafofin shinge da su. Mai neman ƙarin bayani game da aure ko renon tsiro ya tuntuɓi malamin daji ko malamin gona na ƙaramar hukumarsa.