Yadda Ungozoma Za Ta Raba Mai Ciki da Hayaƙin Taba

Za a ce matanmu na Gusau da Tsafe da Bunguɗu ba sa shan taba, kuma da ƙamshin gaskiya: binciken lafiyar al'umma na 2018 ya nuna matan Nijeriya masu shan sigari ba su kai 1 cikin 100 ba. Sai dai jinjirin da ke ciki bai san bakin da ya zuƙi hayaƙin ba. Ko uwa ce ke shisha a ɓoye, ko garin taba take cusawa a leɓe, ko maigida ne ke kunna kara a kan gado, nikotin na tsuke jijiyoyin da ke kai jini mabiyiya. Iskar kabon monoksaid ta cikin hayaƙi kuma tana kama jini fiye da iskar numfashi sau 200 da ɗoriya. Daga nan ake samun bakwaini, da jaririn da bai kai kilo 2.5 ba, da ɓarewar mabiyiya kafin haihuwa. Saboda haka aikin ungozoma a kan gidan ne baki ɗaya.

Da farko ki tambayi kowace mace a zuwanta awo na farko, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2013. Idan kina zaɓar wadda za ki tambaya, tambayar ta zama zargi. Kada ki yi ta a kan benci, inda ƙila kishiya ko maƙwabciya ke kusa. Bari sai kin ja labule kina ɗaura mata abin gwajin jini, ki sassauta murya: "'Yar'uwa, akwai mai shan taba a ɗakin da kike kwana?" Ta wannan ƙofar mai sha da kanta za ta iya amsawa ba tare da kunya ta rufe ta ba.

Sai ki faɗa mata gaskiya ba da faɗa ba. Wasu na tsoron bari lokaci guda zai girgiza jinjiri, har su zaɓi ragewa. Ragewa ba ta wadatarwa. Cikin awa 12 da karan ƙarshe gubar kabon monoksaid ke sauka a jini, kuma wani bincike na 2009 ya gano waɗanda suka daina kafin ciki ya kai mako 15 ba su fi marasa sha haihuwar bakwaini ba. Ku sa ranar dainawa cikin mako 2, ki rubuta a takardunki, ba a katin da kowa ke buɗewa a gida ba. Ki gaya mata kwanakin farko sun fi wuya, amma ƙawar takan lafa cikin 'yan mintuna: ta kurɓi ruwa, ta tauna asuwaki ko aya. Maganin daina taba kuwa kada ta saya a kemis; ki tura ta ga likita a Babban Asibitin Tsafe ko na Bunguɗu, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau.

Mataki mafi nauyi shi ne maigida, domin matar da ke jin nauyin kiran sunan mijinta da wuya ta ce masa ya kashe tabarsa. Da yardarta, ki aika ya zo, ki jiyar da shi bugun zuciyar ɗansa, sannan ki ce: "Malam, alfarma ɗaya muke nema, kada hayaƙi ya shiga ɗaki." Buɗe taga ba ya isa, sai dai ya fita zaure ko waje. In ya ƙi zuwa, a bi ta hannun uwarsa.

Mai cewa layi ya yi tsawo yana da hujja, amma aikin minti 3 ne, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar zuwa awo sau 8 tun 2016. Ki sake tambaya a kowane zuwa. In ta koma sha, ku sa sabuwar rana. Bayan haihuwa ma ki tambaya, ranar da ta kawo jariri riga-kafi, domin lokacin ne da yawa ke komawa.