Darasi: Ba Kowane Laifi Ke Kai Mutum Kurkuku Ba

Darasinmu na wannan wata ya shafi gyaran da aka yi wa dokokin hukunta masu laifi, wanda yawancin jama'armu na Giyawa, Wurno da Goronyo ba su da labarinsa, alhali kuwa 'ya'yansu ya fi shafa.

A 1958 gwamnatin Jihar Arewa, ƙarƙashin Sardauna Ahmadu Bello, haifaffen Rabah, ta gayyato masana shari'a bisa jagorancin Alƙalin Alƙalan Sudan, Muhammad Abu Rannat. Shawararsu ce ta haifi dokar nan da muke kira Finalkod, wadda ta fara aiki a 1960. Daga 2000 Jihar Sakkwato ta kafa kotunan Shari'ar Musulunci domin Musulmi, amma a ƙa'ida shari'ar laifin wanda ba Musulmi ba tana gaban majistare ko babbar kotu.

Manyan hukunce-hukuncen tsohuwar dokar su ne kisa, ɗauri, tara da bulala. A nan ne talaka ya sha wuya. Alal misali, saurayi ya saci buhun albasa a fadama, alƙali ya yanke masa tara ko ɗaurin wata shida. Mai hali ya biya ya tafi gida. Wanda ba shi da ko sisi sai ya shiga kurkuku, damina ta wuce gonar ubansa ba hannu, shi kuwa ya fito da sababbin abokai waɗanda suka fi shi sanin sata. Mai albasa kuma bai sami komai ba. A ganina, wannan hukuncin talauci ne ya fi horarwa, ba sata ba.

A 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar tafiyar da shari'ar laifuffuka ta tarayya. Ta ba alƙali ikon jingine hukunci, ko ya umurci mai laifi ya biya diyya, ko kuwa ya yanke masa aikin al'umma a maimakon ɗauri, wato sharar wuraren jama'a, yashe magudanan ruwa ko aikin gona. Aikin ba zai wuce wata 6 ba, ba kuma fiye da awa 5 a rana ba, kuma a kusa da inda mutumin yake zaune, domin jama'arsa su sa masa ido. Kada wani ya ce an sakar wa 'yan bindiga mara: sassaucin bai shafi laifin da aka yi da makami ba, ko fyaɗe da makamantansa, ko wanda hukuncinsa ya haura shekara 3. Da yake dokar tarayya ba ta hau kan kotunan jihohi kai tsaye ba, Sakkwato ta yi tata a 2019. A shekarar ce kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta mai da hukumar gidajen yari Hukumar Gyaran Hali, tare da sashe na musamman mai kula da hukuncin da ba na ɗauri ba.

Duk da haka gidajen suna nan cike, kuma wajen kashi 2 cikin 3 na mazaunansu jiran shari'a suke yi, ba a ma yanke musu hukunci ba.

Ga inda abin ya zo kanmu. Dokar tarayya ta ce kafin a ba mutum aikin al'umma sai ya kawo wanda zai tsaya masa, ɗan'uwa ko wani dattijo mai mutunci. Sau da yawa dangi sukan ƙaurace wa kotu saboda kunya ko tsoro, alƙali ya duba bai ga kowa ba, sai ya koma ga ɗauri. Saboda haka idan aka kama ɗan unguwarku a kan ƙaramin laifi, ku tafi kotu ranar zama, ku nemi lauya ko ofishin hukumar ba da taimakon lauya kyauta da ke Sakkwato, a roƙi alƙali tun kafin ya yanke hukunci ya duba hanyar diyya ko aikin al'umma, sa'an nan ɗayanku ya miƙe ya ce shi ne zai tsaya masa.