DARASI DAGA KASUWAR KA'AKIYYA: A KOYA WA YARO LISSAFI DA HANNUNSA

Ya 'yan'uwana matasa, ina rubuto muku wannan darasi ne daga Ka'akiyya, wata unguwa a kudancin birnin Makka, inda na sauka wurin kawuna a wannan hutu da na zo Umra.

Kafin in taso, wani abu ya faru a ajina wanda ya hana ni sukuni. Ina karantar da Larabci, muka iso kan kalmomin rabon gado: nisfu, rubu'i, sumuni, sulusi, sudusi. Ɗalibai suka kawo ma'anarsu ba gargada. Sai na ce, to, mutum ya rasu ya bar sidi 2,400, nawa ne sudusinsa? Aji ya yi tsit. Samari da 'yan mata da suka kusa gama sakandare, sun haddace kalma amma ba su iya raba kuɗi gida shida ba. Laifin ba nasu ba ne su kaɗai. Tun suna ƙanana an koya musu lissafi a kan allo, ba su taɓa riƙe shi a hannu ba.

A nan Ka'akiyya akwai babbar kasuwar kayan lambu da 'ya'yan itace, ga kuma kasuwar sari inda alhazanmu ke sayen tsaraba: jallabiya, abaya, tasbaha, dadduma da turare. Wata safiya na ga wata dattijuwa Bahaushiya, cikin mutanenmu da suka daɗe da zama a Makka, ta zo sarin dabino da jikanta ɗan kimanin shekara tara. Ta damƙa masa kuɗin, ta koma gefe. Shi ya tambayi farashi, shi ya biya, shi ya ƙirga canji. Da ya dawo ta ce, "Maigida, kilo ɗaya nawa ya kama mana?" Ya yi ta motsa yatsu har ya faɗa. Na gaishe ta na ce, "Iya, ba kya tsoron a cuce shi?" Ta ce, "Ɗana, gara a cuce shi riyal biyu ina tsaye, da a cuce shi gida guda bayan raina."

Wannan magana tana da asali. A aya ta 6 ta Suratun Nisa'i an umarci masu riƙon marayu su jarraba su kafin su miƙa musu dukiyarsu, kuma malaman tafsiri da yawa sun yi bayanin cewa ana ba yaro ɗan abu kaɗan ne a ga yadda zai juya shi. Haka nan Alhawarizmi, wanda ya rubuta littafin Aljabru a Bagadaza wajen shekarar 820, ya ware babi na ciniki, ya kuma cika wani babban sashe na littafin da matsalolin wasiyya da gado. Ashe tun asali lissafi ɗan kasuwa ne, ɗan cikin gida. Ga ayyuka huɗu da kowannenku zai iya yi da ƙannensa.

Na farko: Shagon tsakar gida. Wannan na 'yan shekara biyar zuwa bakwai ne. A tara gwangwanayen madara da kwalayen ashana, a rubuta wa kowane farashi, a yanka takarda a yi kuɗi. Riyal ɗaya halala 100 ne, kamar yadda sidi ɗaya yake pesewa 100, saboda haka darasin ɗaya ne a Makka da Nima da Kumasi. Yaro ɗaya ya zama mai shago, sauran su zo saye. Kada a koya masa canji da ɗebewa tukuna. A bar shi ya ƙirga sama kamar 'yan kasuwa: kaya na 7, an ba shi 10, sai ya ce takwas, tara, goma, yana ajiye kuɗi ɗaya-ɗaya a tafin mai saye. Idan hannu ya saba, alƙalami ba zai ba shi wuya ba.

Na biyu: Ƙwallayen dabino 24. A wanke su a shanya. An zaɓi 24 ne domin tana rabuwa biyu, uku, huɗu, shida da takwas ba tare da saura ba, shi ya sa take cikin asalan da malaman gado ke gina lissafi a kansu. Yaro ya kasa su da hannunsa, zai ga rabi 12 ne, sulusi 8, rubu'i 6, sudusi 4, sumuni 3. Nan zai gane abin da ke rikita manya, wato sumuni ya fi rubu'i ƙanƙanta ko da yake takwas ta fi huɗu. Ga wanda ya ɗan tasa sai a ce: mutum ya rasu ya bar mata da uwa da ɗa namiji guda. Matar ta ɗauki 3, uwar 4, ɗan ya kwashe 17 da suka rage. In an ƙara ƙwallayen suka kai 40 aka fitar da ɗaya, ya ga zakkar kuɗi da idonsa.

Na uku: Sari da kasawa. Wannan na 'yan shekara tara zuwa sha biyu ne. A ce an sari kwalin dabino mai kilo 10 a kan riyal 120. Yara su auna rabin kilo-rabin kilo a sikeli, su sami ƙulli 20, kowane ya kama riyal 6. Yawancinsu nan za su tsaya su fara lissafin riba. Sai a tambaye su: kuɗin mota fa? Leda fa? In mota ta ci 15, leda ta ci 5, uwar kuɗi ta zama 140, ƙulli ya koma riyal 7. Wanda ya sayar a kan 7 yana murna ya ci riba, wahalar banza ya sha. In an sayar a kan 8, an sami 160, riba 20. A zongo sai a yi da gyaɗa ko sukari ko sabulu.

Na huɗu: Littafin shiga da fita. Kowane yaro ya sami ɗan littafi mai layi uku: abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya rage. Kuɗin makaranta, barka da salla, abin da ya jefa a asusu, har bashin da ya ba abokinsa, duk ya rubuta da kwanan wata. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Kowace Juma'a a zauna a gwada littafi da aljihu. A haɗa masa da karanta rasit. A nan Saudiyya an fara karɓar harajin saye na kashi 5 cikin 100 a 2018, aka mai da shi 15 a 2020, don haka kayan riyal 40 kafin haraji, 46 za a biya.

Sai dai a kiyaye abu biyu. Wannan ba izini ba ne na ɗora wa yaro talla a hana shi makaranta. Aiki ne na awa ɗaya, a gaban babba. Sa'an nan in ya yi kuskure kada a dake shi, kada kuma a faɗa masa amsa. A ce ya sake ƙirgawa.

Ya ɗan'uwa, kafin fitowa ta gaba ka tara ƙwallaye 24, ka kira ƙaninka ko ƙanwarka, ka ce su ba ka sudusi. Ni ma na cika leda guda zan kai wa ɗalibaina. Allah Ya sa mu dace, amin.